Layin da Malam Almustafa Yake Tsallakewa

Shekara goma sha ɗaya na yi teburina yana kallon teburin Malam Almustafa, a wani ƙaramin ofishi a Tahoua inda ake ajiye rajistar ƴan kasuwa. In aka ce in faɗi sau nawa na ga haƙoransa a waje, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni. Ni ce sakatariya, sunana Salamatu. Daga Damagaram aka turo ni da alkawarin shekara biyu, ga shi har furfura ta fara leƙo mini a nan. Malam Almustafa ba mafaɗaci ba ne, ba kuma mai fara'a ba. Mutum ne da za ka wuce shi a hanya ka manta ka wuce wani, sai ranar da takardarka ta faɗa hannunsa.

Aikinsa guda ɗaya ne. Duk wanda ya buɗe kasuwanci da suna, ko shagon siminti ne, ko motocin albasa, ko injin niƙa, ana rubuta shi a babban littafi, a ba shi takarda mai lamba da hatimi. Ranar da zai nemi kwangila, ko shari'a ta taso, ba wanda zai karɓi fotokopi haka nan tsirara. Sai an kawo ta ofishinmu an gwada ta da ta asali, an manna tambur, wato kan sarki, an buga hatimin da ke cewa wannan daidai take da waccan, sannan shef, shugaban ofishin, ya sa hannu. Gwadawar nan da buga hatimin su ne abincin Malam Almustafa shekara talatin da ɗaya.

Wani zai kalli takardun biyu a tsaye ya buga, minti ɗaya an gama. Shi ba haka yake yi ba. Zai fara tambayar ka, "Don mi?" ya rubuta amsar a ɗan littafinsa. Sai ya shimfiɗa ta asali a hagu, kopi a dama, ya shafa babban yatsansa a kan hatimin nan da ba shi da tawada, wanda ake matse takarda da shi har ta yi tudu. In ya ji tudun, sai ya ɗauko rularsa ta ƙarfe ya aza a layin farko. Kowane layi sau biyu yake karanta shi, kuma da ƙarfi: sau ɗaya a hagu, sau ɗaya a dama. Suna, ranar haihuwa, irin sana'a, wurin zama, lamba, har zuwa layin ƙarshe da ke cewa ba a soke kasuwancin ba. Faransancinsa kuwa na Adar ne tsantsa, in Bafaranshe ya ji zai rantse wani yare ne dabam. Watannina na farko kaina har ciwo yake yi. Daga baya na daina jinsa, kamar yadda na daina jin fanka.

Masu kuɗi sun sha huci a kan bencinmu. Wani Alhaji mai motoci ya taɓa ce masa, "Malam, kai ka san ni, ka san ubana. Karatun mi kake yi?"

Bai ɗago ba ya ce, "Alhaji, ni ba a ce in duba mutum ba. An ce in duba ko wagga ta yi daidai da wagga."

A Affala aka haife shi, gidan manoman hatsi. Yana da shekara shida ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa, wurin ya ruɓe, ya warke da ɗingishi. Ubansa ya duba ya ga wannan ba zai iya bin kuyya ba, sai ya miƙa shi lekol, makarantar boko. Tsaransa duk sun tafi Abijan cin rani, wasu sun dawo sun yi gidajen kwano, wasu ba su dawo ba. Shi ko Konni bai taɓa wucewa ba. Ya sami takardar gama karatu, aka ɗauke shi aiki, aka ba shi wannan teburin da wannan rular, kuma a iya sanina ba a canja masa ko ɗaya ba. Da safe ya taho a ƙasa daga unguwarsu, yana jan ƙafar dama. Da azahar ya yi salla a masallacin bakin hanya, ya ci ɗan wake da shinkafa wurin mace ɗaya. Bai taɓa yin latti ba, bai kuma taɓa sa wani ya dawo gobe ba in takardarsa lafiya take.

Ya auri Mariama, ɗiyar ƙanwar uwarsa, suka sami ɗa namiji a shekarar farko. Aka raɗa masa Nasrullahi. To kun san halin mutanenmu da ɗan fari. Ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a yi masa wasa, ba a kiran sunansa. A birni yanzu abin ya yi sauƙi, na ga matasa suna saɓa ɗan farinsu a kafaɗa har cikin kasuwa. Amma Malam Almustafa ɗan Affala ne na da. Da aka yaye yaron aka kai shi wurin kakarsa, a can ya girma har ya isa lekol. Uwar tana ce masa Ɗan Inna. Uban kuwa "wanga yaro" kawai yake cewa, ko ya nuna da haɓa. Ƴaƴa mata uku suka biyo baya, waɗannan yana kiran sunansu, har yana tsokanarsu. Namiji dai shi ke nan, kuma tun ranar suna bakin uban bai taɓa furta sunan ba.

Ina shekarata ta biyu a ofishin wani dogon saurayi mai wushirya ya shigo, ya durƙusa a gefen teburin Malam ya gaida shi. Malam ya amsa yana kallon bango, ya ce, "A bi layi." Saurayin ya koma ƙarshen benci yana danne dariya. Ya yi awa biyu a zaune. Da layi ya zo kansa ni na cike masa takarda, na tambayi suna, ya ce, "Nasrullahi Almustafa." Na ɗago na dubi Malam, na ga ya duƙufa yana neman wani abu a aljihun tebur wanda na tabbata babu shi a ciki.

Injin niƙa Nasrullahi ya kafa a Barmou, garin matarsa Rahama. Yana son ya riƙa kai gari makarantun da ke ciyar da ɗalibai, su kuma ba sa hulɗa da wanda ba shi da rajista. Ranar da takardar ta fito ya yi fotokopi ya kawo wa ubansa. Malam ya shafa tudun hatimi, ya aza rula. Da ya zo layin suna sai ya yi gyaran murya, ya yi shiru daidai tsawon sunan, sannan ya ce, "Almustafa." Ya koma dama, ya sake yin shirun, ya sake cewa, "Almustafa." Ya gangara ƙasa abinsa. Ni dariya ta kusa kashe ni, sai na fake da tari. Da yaron ya fita na ce, "Malam, yau dai an tsallake layi." Ya jawo takardar na gaba. Amma na ga ya bi bayan yaron da kallo ta taga har ya hau kabu-kabu ya ɓace.

Shekara uku injin yana aiki. Sai ya fara tsufa, yau ya tashi gobe ya ƙi. Nasrullahi ya ce zai haura arewa, Libiya, ya yi shekara ɗaya ya dawo da babban inji mai surfe da niƙa. Ya bar Rahama da jaririya, Balkisa. Ya kira daga Agadez. Bayan kwana huɗu ya sake kira daga garin ƙarshe kafin a shiga sahara, kuma wannan karon wayar uban ya kira. Ina wurin, an kusa tashi daga aiki. Malam ya kara wayar a kunne, ya saurara, ya ce, "To. Allah shi tsare." Ya kashe. Na ce, "Wa ke nan?" Ya ce, "Wanga yaro."

Daga nan shiru. Wata ɗaya, wata shida, shekara. Cikin waɗanda suka tafi tare, wani ya dawo ya ce motarsu Nasrullahi ta riga tasu tashi da kwana guda, kuma ba su tarar da ita a gaba ba. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a wani gari can, yana ɗaukar bulo. Kowa da nasa. Ba gawa, don haka ba jana'iza, ba zaman makoki, ba wanda ya zo ya yi wa kowa gaisuwa. Mutane suka rasa abin da za su ce wa Malam, sai suka daina cewa komai.

Shi kuma bai fasa zuwa aiki ba ko na yini ɗaya. Ban ga ya yi kuka ba, ban ga ya rame ba. Abin da na lura da shi ƙarami ne. Ni ke dafa mana shayi da hantsi, kuma shi mai son sukari ne, cokali uku. Wata rana sukari ya ƙare na ba shi haka nan, ina jiran ƙorafi. Ya shanye. Na yi mako biyu ina ba shi ba sukari da gangan, bai taɓa lura ba. Tun daga nan na koma zuba masa uku kamar da, don ni na san yadda yake so ko da shi ya manta.

Rahama ba ta zauna ba. Ta ɗaure zane ta riƙe injin, ta nemo makaniki, ta koyi sauya bel da kanta. Mutanen Barmou kuwa a wurinsu takardar kasuwanci kamar gonar gida ce, in mai ita ba ya nan sai na kusa ya ci gaba da nomawa. Kowace shekara in za a koma lekol, masu sayen gari suna neman sabuwar kopi mai hatimi. Sai ta taho Tahoua da takardar a cikin leda, ledar a cikin tsumma. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina Balkisa? Don mi?"

"Don lekol, Baba."

Ita ma ba ta kiran sunan mijinta, Baban Balkisa take cewa. Ga uwa ba ta kira, ga uba ba ya kira. Wata rana na zauna na yi tunani, na ga duk duniya ba inda sunan bawan Allah nan ya rage sai cikin littafinmu da cikin ledar Rahama. Malam zai aza rula, ya yi shirunsa guda biyu, ya gangara. In ya zo layin ƙarshe, inda aka ce ba a soke ba, yana nan yana aiki, sai muryarsa ta ɗan ɗaga. Ya buga hatimi. Sau shida aka yi haka, kuma ba ƙarya a ciki ko ɗaya, domin kopin daidai take da ta asali.

Bana ne abin ya canja. Masu sayen garin suka fito da sabuwar doka, mai sunan da ke takarda shi zai zo da kansa ya sa hannu, ko kuwa a kawo takarda da sunan wanda ke aikin. Ba su yi laifi ba, ni ma da ni ce haka zan yi. In ba haka ba an cire injin Barmou daga jerin masu kai musu gari, kuma makarantun nan su ne rabin aikinsa. Rahama ta je wurin alƙali. Ya ce shekara bakwai ta isa a yanke hukunci a ɗauki mutum a matsayin wanda ya rasu, a mai da injin da sunanta da na ɗiyarta. Ya ba ta jerin abin da za ta kawo: takardar aure, ta haihuwar Balkisa, shaidu biyu, da kopi mai hatimi ta rajistar. Ya sa mata rana, Alhamis, bayan mako uku. Ni na san abin da ke biyo bayan irin wannan hukuncin. Takarda za ta zo ofishinmu, a buɗe babban littafi, a ja jan layi a kan sunan. Mai jan layin kuwa Malam Almustafa ne, da wannan rular tasa.

Ta zo ranar Talata. Ta tuɓe takalmi, ta durƙusa.

"Don mi?"

Ta ce, "Don alƙali, Baba."

Ya rubuta a ɗan littafinsa. Ya shimfiɗa takardun. Bai aza rula ba. Ya ɗaga kopin sama ya duba ta a hasken taga, ya ce, "Bakinta ya yanke. Ki sako wata." Na leƙa. Gaskiya injin fotokopi ya ɗan ci gefen, amma farin takarda ya ci, ko harafi ɗaya bai taɓa ba. Ta ce to. Ta fita, ta tarar an ɗauke wuta a duk layin, ta jira har motar Barmou ta kusa tashi, ta tafi.

Mako na biyu ta dawo da kopi biyu sababbi. Ya duba ta farko ya ce lambar ba ta fito sosai ba. Ya duba ta biyu ya ce akwai ɗigon baƙi kusa da kwanan wata. Ɗigon nan ƙuda ma ya fi shi girma. Rahama ta karɓi takardunta. Ta naɗe ledarta, ta ce, "Allah shi huci zuciyarka, Baba," ta sa takalmi. Motar Barmou ba kullum take cika da wuri ba, kuma duk ranar da ta zo nan injin a rufe yake yini. Raina ya ɓaci, na buga aljihun teburina da ƙarfi har shef ya leƙo. Malam ya ce, "Na gaba."

Ranar Litinin ta makon ƙarshe ta zo da kopi huɗu, ta yi su a shaguna biyu dabam. Teburin Malam ba kowa. Takwas ta yi, tara ta yi, goma ta wuce. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin kujerar nan ba mutum a kai ba da safe. Mai gadinmu, wani dattijon Buzu mai suna Aghali da aka kawo bara, sai leƙowa yake yana tambaya ko lafiya. Shi Aghali mutumin kirki ne, ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Benci ba ya ɗaukar mutane duka, wasu suna zama a inuwar bishiyar dogon yaro a tsakar gida, don haka in ya ji an kira suna a ciki sai ya juya ya maimaita da ƙarfi a waje. Ranar ba sunan da aka kira.

Shef ya ba ni makullin aljihun da hatimi yake, ya ce in sallami masu gaggawa. Na yafito Rahama, na ce, "Kawo, minti biyu ne. Ki kama motar azahar."

Ta riƙe ledarta da hannu biyu. "A'a, Madam. Na gode."

"Ke, Alhamis fa gata ce. Hatimi hatimi ne, ba ya tambayar hannun wa."

"Na sani. Tun makon hwarko anka ce mini in tahi wani wuri a buga mini. Ni ba ni so." Ta dubi kujerar da ba kowa. "Ɗanai ne. In na bi ta bayanai na kai ga alƙali, da wane ido zan kawo mishi Balkisa da salla? In bai buga ba, injin shi tsaya. Na gaji, Madam, amma ban gaji haka ba."

Ta ce za ta kwana wurin wata ƴar'uwarta a gari, ta dawo gobe, ta dawo jibi. Ranar Talata ma bai zo ba.

Da aka tashi aiki na hau kabu-kabu na tafi gidansa. La'asar ta yi sanyi. Na same shi a kan tabarma a ƙofar gida, sanye da rigar aiki, har da alƙalami a aljihu. Mariama ta kawo mini ruwa, ta gaishe ni, ta ce da ni a hankali tun jiya da safe yake shiri ya fito, ya zauna a nan. Na tafi da maganganu cike da baki, na shirya su tun a hanya. Na ce masa yarinyar nan ta riƙe masa amana shekara bakwai, wata da tuni ta tattara ta koma gidansu. Na ce masa ya sha ce wa mutane shi ba a sa shi duba mutum ba, takarda aka sa shi dubawa, to takardar Rahama lafiyarta ƙalau, shi ma ya sani. Na ce abin da yake yi zalunci ne. Kalmar ta fita kafin in kama ta.

Ya saurara kamar ina karanta masa labarin wani gari. Can ya ce, "Gaskiya kinka hwaɗi."

Awaki suna wucewa.

"Rannan da yak kira," ya ce, "ya ce mini, Baba, za mu shiga, ban san yaushe zan samu waya ba. Ya tsaya. Ina jin numhwashinai. Jira shikai in ce wani abu." Ya gyara hularsa. "Na ce Allah shi tsare."

"Addu'a ce ai, Malam."

"Addu'a ce. Direba ma ita nika yi mishi."

Na tafi da niyyar faɗa, na dawo ban san ko fushi nake ko tausayi ba.

Ranar Laraba na iso bakwai da rabi na tarar da shi a kujerarsa, ya goge teburi, ya zuba tawada a kushin hatimi. Rahama tana ƙarshen benci, mutum biyar a gabanta. Bai tsallake kowa ba. Ya yi wa mai kantin magani, ya yi wa wasu mata biyu masu ƙungiyar ƙuli-ƙuli, ya yi wa wani ɗan kwangilar rijiyoyi daga Tébaram, kowa karatu biyu-biyu. Sha ɗaya ta wuce kafin layi ya zo kanta. Ta durƙusa, ta miƙa kopi huɗun duka. Ya zari ta sama, bai ɗaga ta a hasken taga ba.

"Don mi?"

"Don alƙali, Baba."

Ya rubuta. Ta asali a hagu, kopi a dama. Ya shafa tudun hatimin, wanda shekara goma cikin leda ta kusa shafe shi. Ya aza rula. Ya karanta kan takardar a hagu, ya karanta a dama. Ya karanta lamba a hagu, ya karanta a dama. Rula ta sauko layin suna. Ni na ci gaba da buga takardata, ina jiran gyaran muryar nan da na saba.

"Nasrullahi Almustafa," ya ce.

Yatsuna suka tsaya. Da muryar aiki ya faɗe shi, a shimfiɗe, kamar sunan mai kantin magani. Rahama ta ɗago kai ta kalli fuskar surukinta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ya ɗauke rula ya mai da ita dama, ya daidaita ta a ƙarƙashin layin, domin kowane layi sau biyu ne. Ya buɗe baki bai fito ba. Ya sake buɗewa.

"Nasrullahi!"

Wannan ba karatu ba ne. Ya ja ƙarshen sunan yadda ake yi in an tsaya a ƙofar gida ana neman yaro ya zo cin abinci, kuma idonsa ba a kan takarda yake ba, a ƙofa yake. Mutanen benci duk suka juya suka kalli ƙofar.

Aghali yana tsaye a wurinsa. Bai san komai ba, bara ya zo. Ya ji an kira suna a ciki, sai ya juya tsakar gida ya ɗaga murya. "Nasrullahi Almustafa!" Ya jira. Ya taka har gindin dogon yaro inda mutane suke zaune. "Nasrullahi Almustafa!" Na yunƙura in tsai da shi, sai na koma na zauna. Muna jin sa ya leƙa bakin titi ya sake kira sau ɗaya. Rahama ta ja gyalenta ta rufe fuska. Malam bai motsa ba, hannunsa a kan rula, yana kallon ƙofa, yana jira tare da kowa.

Aghali ya dawo ya leƙo da kansa.

"Malam, ba shi nan."

"Na sani," in ji Malam Almustafa.

Ya sauke rula zuwa layi na gaba. Ya karanta ranar haihuwa a hagu da dama, da sana'a, da Barmou, har layin ƙarshe, kuma a nan muryarsa ba ta ɗaga ba. Ya manna tambur. Ya danna hatimi a kushi, ya buga, ya rubuta kwanan wata.